Littattafan da Iyaye Suka Bar Mana: Wa Zai Karanta Su?

 

'Yan'uwa, da wuya a sami tsohon gidan malamai a zangonninmu, ko a Kumasi ko Ankara ko Tamale, da babu akwati ko gafaka mai ɗauke da rubutun hannu na kakanni. Wasu da Larabci, wasu kuma da ajami, wato Hausa da baƙaƙen Larabci. Muna girmama su, ba ma bari yaro ya taɓa. To amma mu tambayi kanmu: yaushe rabon da a buɗe su? In an buɗe, wa zai karanta?

Matsalar ba ta tsaya ga gara da danshin damina ba. Idonmu ne ya canja. Kakanninmu sun yi karatun allo da ruwayar Warshu, da hannun rubutu irin na Magrib. A wannan rubutu, fa'un ɗigonsa ɗaya ne a ƙasa, ƙafun kuma ɗigo ɗaya a sama. Yaranmu na makaranta yau sun tashi da Alƙur'ani bugun Madina, ruwayar Hafsu, inda ɗigo ɗaya a sama ke nufin fa'un. Kun ga yaro zai ga ƙafun ya karanta fa'un, sai kalmar ta rikice masa. Haka wasalin "e" na Hausa: a ajami ɗigo ake sa wa a ƙarƙashin baƙi, an aro shi daga imalar Warshu. Wanda bai san wannan ba, ko ya sauke Alƙur'ani, zai tsaya cak a gaban wasiƙar kakansa. Duka ruwayoyin nan biyu ingantattu ne, ba wadda muke kushewa. Abin da muke cewa shi ne mabuɗin akwatin yana neman ɓace mana.

Mu ɗauki darasi daga Alhaji Umaru, malamin da aka haifa a Kano, ya zauna a Salaga, sannan ya koma Kete Karachi ya zama limami har rasuwarsa a 1934. Ya yi rubutu da Larabci da Hausa: waƙoƙi a kan zuwan Nasara, a kan talauci da wadata, da bayanin tarihi da al'adun ƙasar Hausa. Bayan an gina dam ɗin Akosombo a shekarun 1960, ruwan Volta ya cinye tsohon garin Kete Karachi. Garin ya nutse, amma rubutun Malam bai nutse ba. Me ya sa? Saboda almajiransa sun kwafa, sun tafi da shi garuruwa daban-daban. A waɗannan shekaru kuma masu bincike na Jami'ar Ghana da ke Legon sun bi gidajen malamai suna aron littattafai, su ɗauki hoto su mayar wa masu su. Littafin da ke da kwafi ɗaya tak, gobara ɗaya ta ishe shi.

To me ya kamata mu yi?

Da farko, a buɗe akwatunan da rani, a kaɗe ƙura a hankali, a ɗaga su daga ƙasa da jikin bango. Kar a shanya su a rana, kar a liƙa musu salatif, domin yana cin takarda da tawada. A lura kuma, yawancinsu warƙa-warƙa suke, ba ɗinki ba lamba. Marubuci kan sa kalmar farko ta shafi na gaba a ƙasan wanda ya gama, da ita ake gane jerin. Don haka kar a hargitsa su.

Na biyu, a ɗauki hoton kowane shafi da waya, a wuri mai haske, har da na ƙarshe, inda mai kwafi kan sa sunansa ya roƙi addu'a. A ajiye hotunan a hannun fiye da mutum ɗaya.

Na uku, kuma shi ne babba: dattawan da suka iya ajami suna nan tare da mu a sahun farko, amma kullum raguwa suke yi. Muna roƙon malaman makarantunmu su ware ko da awa ɗaya a mako, dattijo ya zauna da ɗalibai su bi shafi ɗaya tare. Yaron da ya iya baƙi da wasali ba zai sha wuya ba.

Magada kuma, don Allah, in an zo rabon gado kar a raba littafi ɗaya gida uku. A bar shi cikakke a hannun wanda zai kula da shi, ko a yi waƙafinsa.

Waɗanda suka rubuta waɗannan shafuka da alƙalamin kara, a hasken fitila, sun yi ne don a karanta a amfana, ladan ya riƙa isa gare su a kabari. Allah Ya jiƙansu, Ya ba mu ikon riƙe amanarsu. Amin.