Kalma guda, aiki biyu

Mai sauraren wasan ƙwallo a radiyo ya san ihun "gol!" Kalmar Ingilishi ce. A filin wasa, gol shi ne raga, kuma shi ne ci in ƙwallo ta shiga. Daga nan Hausawa suka samu "gola", watau mai tsaron gida.

Amma cikin labarun duniya, gol na nufin guri, abin da aka sa gaba. A shekara ta 2015, Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsaida gol 17 da ake son cikawa nan da 2030. Na farko, kau da talauci. Na biyu, kau da yunwa.

Wannan na biyu, ba ɗan ƙwallo ke cin shi ba. Manomi da makiyayi ne: rumbu cike da hatsi, garke cikin lafiya.