Lodi da Gudu Ke Kashe 'Yan Makaranta

Jama'a, hanyar Kano zuwa Katsina ta ratsa Kankiya da ƙasar Kusada. A kanta ake ɗaukar yaranmu zuwa makaranta.

Motar da aka cika maƙil ba ta jin birki da wuri. Idan direba ya ninka gudu, nisan da zai ci bayan ya taka birki yakan ninka sau huɗu. Tsohuwar taya kuwa zafi ke fasa ta, mota ta wuntsila.

Iyaye, ku leƙa motar kafin yaro ya hau. Kowane yaro da mazauninsa. Wai "ai ƙanana ne" ba hujja ba ce. A cikin gari kada gudu ya wuce kilomita 50 a awa. In an yi haɗari, a kira Hukumar Kiyaye Haɗurra a lamba 122.