Yadda Ake Tsabtace Ramukan Noti a Jikin Keke Bayan Fenti

Manomi da dama a yankunan Kwali, Abaji da Gwagwalada sukan kai kekunansu a sake musu fenti kafin damina ta kankama a watan Afrilu, domin kare ƙarfe daga tsatsa. Dabara ce mai kyau. Sai dai fentin kan shiga ƙananan ramukan da ake ɗaura kariya da madgad, ya toshe haƙoran da noti ke bi. Idan ka tilasta noti da sufana a irin wannan rami, zai shiga a karkace ya cinye haƙoran, kuma kariyar da aka ɗaura haka ba za ta jure nauyin doya ko buhun masara a hanyar kasuwa ba.

Da farko ka ɗiga ɗan tina ko kananzir a ramin, ka bar shi kamar minti 10. Sannan ka sa tsinin allura ko siririyar waya ka kankare fentin da ke bakin ramin, domin a nan ya fi taruwa.

Yawancin kekunan zamani ramukansu na milimita 5 ne, wasu kuma 6. Kanikawa suna da wani ƙarfe mai haƙora da ake kira taf, wanda aka yi domin wannan aiki. Idan ba ka da shi, ka samo noti mai ƙarfi daidai da ramin, ka yi masa tsaga biyu a tsaye da zarton ƙarfe; cikin tsagar ne fentin zai riƙa taruwa. Ka shafa masa man inji, ka fara murɗawa da yatsu kawai. Wannan shi ne muhimmin wuri: a juya rabin zagaye gaba, a dawo baya kaɗan, a riƙa ciro shi ana gogewa. Duk inda ya cije, a dakata a duba ko ya karkace. Idan ramin ya fita ta ɗaya gefen, gara a faro ta baya, inda fenti bai cika kaiwa ba.

Masu tsofaffin kekunan Raleigh ƙirar Ingila su lura: awon haƙoransu na inci ne. Notin milimita zai yi kamar ya shiga, amma ɓarna yake yi. Notin da aka kwance daga keken shi ne ma'auni, saboda haka kada a yar da shi.

Ramin da haƙoransa suka riga suka lalace, a zura masa noti mai ɗan tsawo a ɗaure ta baya, amma a gefen dama a tabbatar bai taɓa sarƙa ba. A shafa giris kafin ɗauri na ƙarshe. Malaman gona kuma su riƙa tunatar da manoma su toshe ramukan da tsofaffin notuna ko ɗan itace kafin a miƙa keke ga mai fenti.