Wanda Tsawa Ta Faɗa Wa Ba Madara Yake Jira Ba

A daminar bara, a wani ƙauye da ba shi da nisa da garinmu, hadari ya taso bayan la'asar, wani yaro da ke dawowa daga gona ya ruga gindin ɗorawa ya fake. Tsawa ta sauka a kan bishiyar, yaron ya faɗi. Kafin ka ce kwabo mutane sun kewaye shi, amma babu wanda ya miƙa hannu. Sai ihu kake ji: "Kada a taɓa shi! A nemo madara tukuna!" Aka tura mai babur ruga. Kafin ya dawo da ƙwarya, rai ya yi halinsa. Na san ajali ba ya wuce lokacinsa. Amma na gaji da jin irin wannan labari duk shekara, ana tsaye ana kallon mutum yana mutuwa saboda camfi.

Dalilin yawan tsawa a wannan lokaci ba ɓoyayye ba ne. Iska mai laima tana tasowa daga tekun kudu, rana ta gasa ƙasa tun hantsi, zufa ta yi ta karyo wa mutum ko yana zaune a inuwa. Iskar nan mai zafi ta hau sama ta zama gajimare, ƙanƙara da ɗigon ruwa su yi ta gogayya a ciki har lantarki ya taru. Shi ya sa hadari ya fi haɗuwa daga la'asar zuwa dare, kuma galibi daga gabas. Ƙaruwar zafin duniya ma tana ƙara wa iska ruwan da take ɗauka.

To, mu koma kan batun taɓawa. Jama'a, jikin ɗan Adam ba batir ba ne. Lantarkin tsawa yana ratsa mutum ya shige ƙasa cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, ba ya saura a jiki ko kaɗan. Ina jin inda aka samo tsoron shi ne wanda wayar wutar NEPA ta kama, domin shi kam muddin wayar na jikinsa, duk wanda ya riƙe shi zai sha. Tsawa ba ta bar wata waya ba. Ta zo, ta wuce. Wanda ke kwance ɗin nan kana iya rungumarsa a take, babu abin da zai same ka daga jikinsa.

Kuma abin da ke kashe shi yawanci ba ƙuna ba ce. Bugun lantarkin ne ke tsayar da zuciya da numfashi. Sau da yawa zuciyar takan farfaɗo da kanta, amma numfashi ya ƙi dawowa, sai ta sake tsayawa don rashin iska. Ƙwaƙwalwa kuwa takan fara lalacewa bayan minti huɗu zuwa shida ba iska. Yanzu ku gaya mini, wane mai babur ne zai je ruga, a tatso saniya, ya dawo cikin minti shida? Ko da madarar na hannu, me za ta yi wa zuciyar da ta tsaya? Likitoci sun tabbatar cewa kusan tara cikin goma na waɗanda tsawa ta faɗa wa suna rayuwa. Ashe ba hukuncin kisa ba ce. Jinkirinmu ne ke ƙarasa wasu.

Akwai kuma mugun zaton da ke tare da wannan camfi, wai aradu ba ta faɗa wa kowa sai ɓarawo ko wanda ya yi rantsuwar kwarankwatsa a kan ƙarya. Iyaye na cikin makoki, maƙwabta na raɗa. Wannan zalunci ne, ku ji tsoron Allah. A watan Maris na 2018, tsawa ta faɗa wa wata majami'a a gundumar Nyaruguru ta ƙasar Ruwanda, mutum goma sha shida suka mutu suna cikin ibada. A 2016 ta kashe namun daji 323 a kan wani tsauni a ƙasar Nowe. A watan Satumba na 2019 ta kashe shanu 36 a Ijare ta Jihar Ondo. Me shanu suka sata? Lantarkin ne ke bazuwa a ƙasa, ya shiga ta ƙafar gaba ya fita ta ƙafar baya, ya bi ta zuciya. Shi ya sa garke ke zubewa gaba ɗaya. Shi ma dutsen nan mai santsi da ake cewa gatarin aradu, makami ne da mutanen zamanin da suka sassaƙa da hannunsu, ruwa ne ke tono shi daga ƙasa.

Ga abin da ya kamata a yi. Idan tsawa ta faɗa wa mutum, je wurinsa nan take, ka kira sunansa, ka duba ƙirjinsa. In ba ya numfashi, kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, ɗora tafin hannunka a tsakiyar ƙirjinsa, ɗaya hannun a bisa, ka riƙa dannawa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin kamar santimita biyar. Bayan dannawa talatin, toshe hancinsa ka hura masa iska a baki sau biyu, ka ci gaba. Wani ya nemo mota, ko ya kira 112 inda lambar ke aiki. In mutane da yawa ta faɗa wa, fara da wanda ya yi shiru, mai kuka yana da numfashi. Wanda ya tashi da ƙafarsa ma a kai shi asibiti, don tsawa na fasa dodon kunne tana taɓa ido da zuciya.

Rigakafin kuma ya fi sauƙi. Sauti na cin kilomita ɗaya cikin daƙiƙa uku. In ka ga walƙiya ka ƙirga, cida ta zo kafin ka kai talatin, to hadarin bai fi kilomita goma daga inda kake ba, ajiye fartanya ka nufi gida. Kada ka fake a gindin bishiya, musamman wadda ke tsaye ita kaɗai a fili. Rumfar kara da bukkar gona suna tare ruwa, ba sa tare tsawa. Ginannen ɗaki ko mota mai rufin ƙarfe da gilashi a rufe su ne mafaka. Babur da Keke Napep ba sa cikin lissafi. Masunta su fito daga ruwa, 'yan ƙwallo su watse, makiyayi ya nisanci tsakiyar garke. In fili ya rutsa da ku, ku rarrabu, ku sauka daga tudu, kada kowa ya kwanta a ƙasa. A gida, cire wayar eriya da ta talabijin tun hadari bai iso ba, kada ka riƙe wayar da ke jone da caji. Wadda ba ta jone ba ta jawo tsawa, haka ma jan kaya. Bayan cida ta ƙarshe a jira minti talatin kafin a koma gona, domin da yawa gaggawar komawa ce ke cin su.

Masu gina makarantu da masallatai masu hasumiya su sa ƙarfen kama tsawa. Malamai kuma, don Allah, ku ɗauki huɗuba ɗaya a farkon damina ku faɗa wa mutane cewa wanda tsawa ta kayar hannunsu yake buƙata, madarar a bar wa yara su sha.