Idan Sabon Injin Fimbol Ya Iso Da Tabo

Fimbol wasa ne da ake buga ƙaramar ƙwallon ƙarfe a kan gangararren allo ƙarƙashin gilashi. Cibiyar ƙera injinansa tana kewayen birnin Shikago na Amurka, inda kamfanoni irin su Stern da Jersey Jack suke. Sabon inji yakan haura dala 6,000, nauyinsa kuma ya wuce kilo 100. Wanda ya zuba irin wannan kuɗi ya buɗe kwali ya tarar da kusurwar akwatin injin ta ɓantare, ko sitikar gefe ta karce, dole ransa ya ɓaci.

Akwatin katako ne aka lulluɓe da sitika mai zane, kuma a tsaye ake jigilarsa cikin kwali. Yawancin ɓarna a hanya take faruwa, musamman idan bakin motar ɗaga kaya ya huda kwalin. Shi ya sa maganar takan yanke tun a ƙofar gida. Direba zai miƙo takarda yana sauri, amma kada a sa hannu sai an zagaya kwalin. In an ga huji ko lotsawa, a ɗauki hoto, a rubuta a jikin takardar kafin ya tafi. In ɓarnar ta yi muni, a ƙi karɓa. Wanda ya sa hannu cewa kaya sun iso lafiya, da wuya kamfanin jigila ya saurare shi daga baya.

Sai a sanar da dilan da ya sayar, a rubuce, a ranar, tare da hotuna da lambar injin. Kwalin ma a adana shi, shaida ce.

Inda mutane suka fi kuskure shi ne gaggawar gyara. Da zarar an shafa fenti ko gam, an ɓata hujja. Kuma sauya sitika, wanda dila kan yi tayi, ba ƙaramin aiki ba ne: sai an kwance ƙafafu da ƙarafan gefe, a ɗaga tsohuwar da zafi, a kankare gam, a cike ramin, a goge da samfefa, sannan a manna sabuwa ba tare da iska ta shige ba. Hannun da bai saba ba yakan bar aikin ya fi da muni. A ganina, in tabon bai wuce faɗin farce ba, gara a nemi ragin kuɗi, don ranar sayarwa mai saye zai lissafa shi.

Tsagewar katako a mahaɗar kusurwa ko wurin ɗaura ƙafa kuwa ta wuce batun ado. 'Yan wasa suna girgiza injin da gangan, tsagar kuma ƙaruwa za ta yi. Wannan sai dai a nemi canjin akwati ko a mayar da injin.