Yadda Ciwon Zuciya Ke Taɓa Tunanin Mutum

Sau da yawa a kan sami magidanci ɗan kasuwa, wanda a da ya kan riƙe lissafin bashin mutum ashirin a ka ba tare da ya rubuta ba, ya kwanta asibiti saboda haki da kumburin ƙafafu. Likitoci su ce zuciyarsa ce ta gaza, su ba shi magani, kumburi ya sauka, a sallame shi. Amma bayan ya koma gida sai iyalinsa su lura ba kamar da ya ke ba. Ya kan tambayi abu ɗaya sau uku, ya ƙirga kuɗi ya rikice, ya fito ƙofar gida ya rasa abin da ya fito yi. Waɗansu su ce gigin tsufa ne, waɗansu su ce sammu aka yi masa, ba safai a ke danganta lamarin da ciwon da ya kwantar da shi ba.

Alhali kuwa abinci ɗaya ke ciyar da zuciya da ƙwaƙwalwa, watau jini. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jikin mutum ba, amma ita ke shan kimanin kashi 15 na jinin da zuciya ke bugowa, da kusan kashi 20 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita. Ba ta kuma da rumbun ajiya. Idan jini ya yanke mata, cikin daƙiƙa 10 mutum zai suma, bayan 'yan mintoci kuwa ƙwayoyinta su fara mutuwa.

To, zuciyar da ta gaza ba tsayawa ta ke yi ba, ƙarfin bugunta ne ke raguwa. Jini na isa ƙwaƙwalwa, amma ba ya isarta, kamar gonar da a ke ba ruwa a daddafe. A hankali sai tunani ya yi nauyi, mutum ya kasa tsara aiki daki-daki, ya kasa riƙe sabuwar magana, ko da ya ke ya na iya ba da labarin ƙuruciyarsa ba kuskure. Tun a cikin 1977 mujallar likitoci ta The Lancet da a ke bugawa a Ingila ta ja hankalin likitoci ga irin wannan ruɗewa da ke samo asali daga zuciya.

Akwai wata hanya kuma da ta fi wannan ɓoyuwa. A wani ciwo ɗakunan sama na zuciya su kan daina bugu daidai, su riƙa karkarwa, jini ya kwanta a lungu ya daskare. Idan gudan jinin ya ɓalle ya bi jijiya ya hau kai, sai ya toshe hanya. Binciken da aka fara a garin Framingham na Amurka a 1948, da mutum 5,209, ya nuna masu wannan karkarwar zuciya sun ninka sauran mutane kusan sau 5 wajen haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Babban guda shi ke karkatar da baki ya kashe hannu da ƙafa, kowa ya gani. Ƙananan kuwa su kan kashe ɗan wuri a ƙwaƙwalwa shiru, ba mai sani, har sai sun taru. Wani likita, Vladimir Hachinski, da abokan aikinsa su ne suka bayyana a 1974 yadda tarin waɗannan ƙananan toshewa ke lalata hankali. Mai irin wannan ciwo ba ya zamewa a hankali kamar mai cutar Alzheimer. Ya kan zauna daidai watanni, sannan farat ɗaya ya sauka mataki guda. Daɗin daɗawa, hawan jini da ya daɗe ba magani ya kan taurara ƙananan jijiyoyin cikin ƙwaƙwalwa, ya kuma kasance shi ne kan gaba wajen gajiyar da zuciya a Nijeriya.

An daɗe a na zargin aikin tiyatar zuciya ma. A wani bincike da aka buga a 2001, likitocin Jami'ar Duke ta Amurka sun auna mutum 261 da aka yi wa aikin sauya hanyar jinin zuciya, suka tarar kashi 53 cikin 100 tunaninsu ya ragu ran sallama, bayan wata 6 adadin ya sauko zuwa kashi 24, bayan shekara 5 kuma ya koma kashi 42. Labarin ya tsorata mutane ƙwarai. Sai dai daga baya masu bincike na Jami'ar Johns Hopkins suka kwatanta waɗanda aka yi wa aikin da masu irin ciwon da ba a yi musu ba, suka ga raguwar ta yi kama da juna. Ashe laifin ya fi rataya a wuyan lalatattun jijiyoyin, ba wuƙar likita ba.

Nijeriya na da nata rabo a wannan ilmi. Daga 1992 likitocin Jami'ar Ibadan da na Jami'ar Indiana suka bi diddigin tsofaffi masu shekara 65 zuwa sama, Yarabawan Ibadan da baƙaƙen fata na birnin Indianapolis. Sakamakon da suka buga a 2001 ya nuna kashi 1.35 cikin 100 na mutanen Ibadan ke kamuwa da ruɗewar hankali a shekara, na Indianapolis kuwa kashi 3.24. Cikin dalilan da suka yi zato har da ƙarancin hawan jini da ciwon sukari da kitsen jini a tsakanin tsofaffin Ibadan na wancan lokaci. Ba abin taƙama ba ne yanzu, ganin yadda hawan jini ya yawaita a biranen ƙasar nan.

Ko magani na tsare tunani? Wani gwaji da aka yi da mutum 9,361 a Amurka, wanda aka buga a 2019, ya nuna waɗanda aka matsa wa hawan jininsu ya sauko ƙasa da 120 sun sami sauƙin kashi 19 cikin 100 na raguwar tunani mai sauƙi, idan an kwatanta da waɗanda aka bari ƙasa da 140. Game da cikakkiyar ruɗewa bambancin bai kai a kafa hujja da shi ba, amma wannan ɗin ma ba ƙaramin abu ba ne.

Inda matsalar ta fi cin rai shi ne a cikin gida. Mai ciwon zuciya a kan sallame shi da ƙwayoyi iri huɗu ko biyar, wani da safe, wani da dare, a hana shi yawan gishiri da kanwa, a ce ya dawo ran kaza. Duk wannan aikin ƙwaƙwalwa ne, ita kuwa ita ce ta raunana. Sai ya manta ya sha, ko ya sha sau biyu, zuciya ta ƙara gazawa, tunani ya ƙara dushewa, a sake kwasarsa zuwa asibiti, a na ta yi masa faɗa wai taurin kai ne. Ya kamata mutum ɗaya cikin iyali ya karɓi ragamar maganin, ya raka shi ganin likita, ya kuma faɗa wa likitan mantuwar da a ke gani, domin majinyacin da kansa ba zai faɗa ba. Idan kuwa ruɗewar ta zo farat ɗaya, ko baki ya karkace, ko magana ta sarƙe, to ba a jira gari ya waye.