Ranar Farko A Birnin Kano

Mu mutanen Karaye da Rogo, da yawa daga cikinmu sun sha jin labarin Kano, amma ba su taɓa sa ƙafa a cikinta ba. Waɗansu kuwa sun je, amma jiyya ce ta kai su, ko sayen kayan aure. Suka gama abin da ya kai su, suka juyo a gurguje. In ka tambaye su abin da suka gani, sai su ce, "Mutane da motoci."

Wannan hasara ce. Mutum ya biya kuɗin mota, ya sha tafiya, ya komo bai ƙaru da kome ba. Abin da ke jawo haka shi ne tsoro. Muna tsoron ɓata, muna tsoron a cuce mu, muna tsoron a ce mana 'yan ƙauye. To, maganin wannan tsoro shi ne shiri. In mun san inda za mu, da abin da za mu ci, tun kafin mu bar gida, rana ɗaya ta ishe mu mu ga tsohon birni, mu komo lafiya da sauran kuɗinmu.

Shiri tun daga gida

Mu zaɓi ranar aiki, kamar Talata ko Laraba. Ran Juma'a cunkoso ya kan yi yawa a tsakiyar birni. Mu tashi da sassafe, bayan sallar asuba.

Mu raba kuɗinmu kashi biyu. Kuɗin komowa gida mu ɓoye shi a aljihun ciki, kada mu taɓa shi ko da me muka gani a kasuwa. Na kashewa kuwa ya zama ƙananan takardu, don kada mu riƙa zaro manya a gaban mutane.

Sa'an nan mu sami 'yar takarda, mu rubuta sunanmu da na garinmu. In muna da ɗan'uwa a Kano, mu rubuta sunan unguwarsu da lambar wayarsa. Waya ta kan mutu, ta kan kuma ɓace, amma takarda tana nan. In da yaro za mu, shi ma mu sa masa irinta a aljihu.

Shiga gari

In motarmu ta bi ta Kabo ko ta Gwarzo, ta yamma za mu shiga Kano. Za mu wuce Janguza, mu wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero, mu iso Rijiyar Zaki, sa'an nan Kabuga. Duk waɗannan sunaye suna rubuce a allunan bakin hanya da na kantuna. Mu riƙa karanta su ɗaya bayan ɗaya, domin ta nan za mu komo.

Tun shekara ta 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin birnin Kano. Abin hawan talaka shi ne keke mai ƙafa uku, wanda ake kira A Daidaita Sahu. Kafin mu shiga, mu faɗi inda za mu, mu tambayi kuɗin. In mun ce mu kaɗai za a ɗauka, kuɗin ya fi yawa. In mun yarda a haɗa mu da waɗansu, ya fi sauƙi.

In hanya ta rikice mana, kada mu tambayi mai wucewa. Mu nemi mai shago, ko dattijon da ke zaune a ƙofar gidansa. Mu yi sallama, mu gaisa, sa'an nan mu yi tambaya. Matambayi ba ya ɓata.

Dutsen Dala

Mu fara da Dala tun rana ba ta yi zafi ba. A gindin wannan dutse Kano ta fara. Mutanen farko maƙera ne, suna haƙar tama suna narka ƙarfe. Littafin tarihin Kano ya ba da labarin shugabansu Barbushe, da abin bautarsu Tsumburbura. Ya ce Bagauda ya zama sarki na farko a shekara ta 999.

An yi wa dutsen matakala. Mu hau a hankali, muna hutawa. In mun kai bisa, gari duka zai shimfiɗu a gabanmu. Ga Goron Dutse can, ga hasumiyoyin Babban Masallaci, ga unguwanni iyakar ganin ido. Mu tsaya mu gane gabas da yamma, mu lura da inda masallacin yake. Wanda ya ga gari daga bisa, da wuya ya ruɗe in ya sauko.

Ganuwa da ƙofofi

Da can ganuwa ta kewaye birnin duka. Sarki Gijimasu ne ya fara gina ta, shi kuwa ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134. Sarakunan baya suka yi ta faɗaɗa ta. Da ƙasa aka yi ta, da hannu, ba inji. Yanzu yawancinta ya zube, waɗansu wurare kuma an yi gine-gine a kai. Amma sunayen ƙofofin suna nan, kamar Ƙofar Nassarawa, da Ƙofar Mata, da Ƙofar Na'isa, da Ƙofar Mazugal, da Ƙofar Ruwa. Da su mutanen Kano ke kwatance har yau. Wanda ya riƙe sunan ƙofa huɗu ko biyar ya riƙe rabin hanyoyin birni.

Kasuwar Kurmi

Daga Dala sai Kurmi, ba nisa. An kafa ta zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Nan ayarin raƙuma ke sauka daga Agadas da Tarabulus, su kawo gishiri da tufafi da takarda, su tafi da fata da baƙin yadi. An sayar da bayi ma a cikinta, kafin a hana.

Lungunan Kurmi ƙanana ne, kowace sana'a da layinta. Akwai dukawa masu jaka da takalmi. Akwai masu kayan doki, da masu huluna, da masu turare, da 'yan koli, da masu littattafai. Kallo ba a biyansa. In za mu saya, mu zaga rumfa biyu ko uku mu ji farashi tukuna. Kuɗin da aka fara faɗa ba shi ne na ƙarshe ba. Mu taya da fara'a. In an ce albarka, mu ƙara kaɗan ko mu yi gaba, ba faɗa.

Masallaci da Gidan Sarki

In azahar ta yi, mu nufi Babban Masallacin Juma'a. Ginin da muke gani yanzu an gama shi a 1951, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Mu yi salla, mu huta a inuwa. Mu ajiye takalmanmu inda idonmu ke kai.

Dab da masallacin ga Gidan Sarki, wanda ake kira Gidan Rumfa, domin shi ya gina shi. Sarakunan Kano suna zaune a ciki fiye da shekara 500. Ba a shiga sai da izini. Mu tsaya daga filin Ƙofar Kudu mu kalli ginin. In muna son ɗaukar hoto, mu tambayi dogarai tukuna.

Kusa da nan ga Gidan Makama, inda ake ajiye kayan tarihi. Ana biyan kuɗin shiga kaɗan. A ciki akwai kayan yaƙin da, da kayan sana'a, da hotunan sarakuna, da ɗakin amarya irin na kakanninmu. Akwai kuma tsofaffin ƙyamaren Ƙofar Kabuga, wadda sojan Turawan Ingila suka shiga ta cikinta da suka ci Kano a 1903. Watau ta inda muka shigo da safe, ta nan suka shigo. Kowane abu da bayaninsa a rubuce a gefe. Kada mu yi sauri. Mu tsaya mu haɗa baƙaƙen da kanmu, abin da ya gagare mu ma'aikatan gidan su taimaka mana.

Marinar Ƙofar Mata

Daga masallaci mu miƙe gabas zuwa Ƙofar Mata. Nan marina take, kusa da Asibitin Murtala. A ƙofarta an rubuta 1498, shekarar da aka ce an kafa ta. Ramukan suna da zurfi, sun fi tsayin mutum. Ana zuba ruwa da baba da toka da kanwa, a bar su kwanaki har su nuna. Marini ya tsoma yadi, ya ɗaga, ya sake tsomawa. Mu lura da kyau: in yadin ya fito, kore-kore ne, sai ya sha iska sa'an nan ya koma shuɗi. A gefe kuma ga masu bugu, suna dukan yadi da guduma ta itace har ya yi ƙyalli. Ramuka da yawa yanzu ba a aiki da su, domin yadin kanti ya rage musu ciniki. In muna da hali, mu sayi ko ɗan ƙyalle.

Me za mu ci?

Tuwo da miya muna da su a gida. Tun da mun zo Kano, mu ɗanɗani abin da aka san ta da shi.

Na farko gurasa. Da garin alkama ake yin ta, a gasa a tanderu. An ce Larabawan da suka zauna a birni ne suka kawo ta. Unguwar Jakara, kusa da Kurmi, ta yi suna wajen yin ta. In aka yayyafa mata ruwa, aka barbaɗa garin ƙuliƙuli da yaji, aka zuba man gyaɗa da albasa da tumatir, ita ce bandashe. Tana da araha, tana kuma riƙe ciki. Ana cin gurasa da tsire ko balangu.

Da safe akwai waina da miyar taushe, ko koko da ƙosai. Da rana akwai ɗanwake, ko shinkafa da wake da mai da yaji, wadda ake kira garau-garau. Na tsaraba kuwa, ga alkaki, ga dubulan, ga kilishi. Unguwar Agadasawa ta yi suna da kilishi. Waɗannan ba su lalacewa a hanya.

Amma ga dokoki huɗu, mu riƙe su da kyau.

Na ɗaya, mu ci abinci mai zafi, wanda aka sauke a gabanmu. Zafin wuta yana kashe ƙwayoyin cuta. Abincin da ya huce a buɗe, ƙuda na sauka a kai, shi ke kawo amai da gudawa.

Na biyu, mu ci inda mutanen wurin suka taru suna ci. Abincin mai ciniki ba ya kwana.

Na uku, mu wanke hannu da sabulu, da ruwan da aka zuba mana daga buta. Kada mu tsoma hannu a kwanon da kowa ya wanke nasa. Ruwan sha kuwa, mu sayi na leda ko na gora wanda ba a buɗe ba.

Na huɗu, mu tambayi kuɗin abinci kafin a zuba. "Na nawa ne?" ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne mutum ya cinye, kuɗinsa ya kasa.

In da kwana

Wanda zai kwana wurin dangi, kashegari ya ga na bayan ganuwa. A Nassarawa akwai Gidan Ɗan Hausa. Nan wani Bature mai suna Hanns Vischer ya zauna, shi ne ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909. Akwai Gidan Zu, wanda aka yi zamanin Gwamna Audu Baƙo, inda yara za su ga namun daji. Mai son atamfa da shadda ya tafi Kantin Kwari. Manomi kuwa ya daure ya leƙa Kasuwar Dawanau, ya ga inda hatsi ke taruwa buhu bisa buhu, ya ji farashi da kunnensa.

Komowa

In ba kwana za mu yi ba, mu kama hanyar tasha da la'asar. Kada magariba ta same mu muna yawo. A cikin cunkoso mu sa waya a aljihu, domin akwai masu fizge. In wani ya tare mu da labarin kuɗin tsintuwa, ko ya ce zai ninka mana namu, mu yi gaba abinmu. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Abu na ƙarshe, kada mu raina kanmu. Masarar da dawar da ake ci a birni, daga gonaki irin namu suke fitowa. Kogin Challawa, wanda aka datse a ƙasar Karaye a 1992, shi ne ya gangara har Panshekara, inda ake tace ruwansa a aika cikin gari. Kano babban birnin jiharmu ne, muna da rabo a cikinsa. Mu shiga da ladabi, mu tambayi abin da ba mu sani ba, mu komo mu ba na gida labari. Gani ya kori ji.

Tambayoyi

1. Me za mu rubuta a takarda kafin mu bar gida?
2. Don me ya kamata mu fara hawa Dala?
3. Wane sarki ne ya gina Gidan Sarki?
4. Faɗi dokoki huɗu na cin abinci a baƙon wuri.
5. Rubuta sunayen ƙofofin Kano guda uku.